Ranar da Iro Bahago Ya Ba Ni Ajiyar Wuƙaƙensa

Da daminar bana taubashina Iro Bahago ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Duk wanda ya haura arba'in a ƙasar Daura ba sai an gaya masa ko wane ne Iro ba. Na baya kuwa, waɗanda suka san dambe a waya, su nake so in yi wa bayani. Ɗan dambe ne, ɗan mahauta, wanda ya yi kusan shekara goma yana zagaya fagage daga nan har Legas ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Mahaifiyarsa, Gwaggo Abu, ƙanwar mahaifina ce. Wata huɗu na ba shi a duniya, kuma a zaure ɗaya muka tashi. Ni aka sa ni boko na zama malamin firamare a Sandamu, shi ya bi fawa, sana'ar gidanmu, ya bi damben da ke tafiya da ita.

Ni nake ɗaure masa hannu duk lokacin da hutun makaranta ya zo daidai da tafiyarsa. Ana fara naɗe hannun da tsumma, sannan a bi shi da zare, a ja, a sake ja, har dunƙulen ya koma kamar dutse. Na hagu ake ɗaure masa, shi ya sa ake ce masa Bahago. Akwai waɗanda suka fi ni iya aikin nesa ba kusa ba, amma in ina wurin ba ya miƙa wa kowa hannu sai ni. Yana miƙowa yana tsokanata, kamar yadda taubasai suka saba: "Malam, ja da kyau mana. Wannan ba alli ba ne." Ni kuma in ce masa da ya yi karatu da yanzu ba ya cin abinci da goshinsa.

Har yau ban ga mai tsayuwa irin tasa ba. Sauran 'yan dambe sukan shiga fage da tsalle da kirari, suna dukan ƙirji, suna nuna abokin karawa da yatsa. Iro yakan tako a hankali kamar wanda aka aika. Ya miƙa hannun dama a buɗe, ya ja na hagu baya, ya tsaya. Tsayuwar nan takan yi tsawo har masu kalangu su sassauta kiɗa da kansu, fagen ya yi tsit, ka ji kukan akuya daga can bayan gari. Ba za ka ga lokacin da hannun ya tashi ba. Ƙara kawai za ka ji, sai ka ga mutum zaune a ƙasa yana mamakin yadda aka yi ya isa can. A dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an ce an kashe ka. Na ga Iro ya yi kisa sau da yawa, amma ban taɓa ganin ya tsaya a kan wanda ya faɗi yana murna ba. Yakan sunkuya ya ɗago shi, ya kakkaɓe masa baya, ya koma wurinsa.

A lokacin mun ɗauka wannan natsuwa duk ta jarumta ce. Akwai jarumtar, ba shakka. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashinta da babu wanda ya lura da shi, har ni da nake riƙe da hannunsa.

Abin ya fito fili ne bayan babbar nasarar rayuwarsa. Akwai wani ƙato daga ƙasar Sakkwato, Garba Na-Rima, wanda shi ma ba a taɓa kashewa ba. Shekara biyu ana neman haɗa su, ƙarshe aka haɗa su a Kano da la'asar, bayan an gama girbi. Mutane har kan katanga da rassan bishiya. Turmi biyu, wato zagaye biyu, aka yi babu kisa. A na uku Garba ya kawo wani naushi da ya fasa wa Iro gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Iro bai ja baya ba, bai ma share jinin ba. Ya jira, ya jira, sannan ya saki hannun. Garba ya durƙusa a kan gwiwa biyu. Aka ɗauki Iro a kafaɗa, aka ba shi sabon babur da bijimin sa, mutanen Daura da ke Kano suka raka mu har masauki suna kiɗa.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin da aka sauke shi da kokon kunu, na same shi kwance ya juya wa bango fuska. Na ɗauka gajiya ce. Na ce masa ya tashi, ga mutane a waje suna jiran gaisawa da sarkin duniya.

Bai juyo ba ya ce, "Malam, jiya da suka ɗaga ni sama, ban ji komai ba."

Na ce, "Ai dole, an fasa maka kai."

Ya ce, "Ba wannan ba. Ina kallonsu suna ihu kamar a wani gari ake yi. Na ɗauka in na kashe Garba abin zai sake ni. Ga shi na kashe shi."

Na yi dariya. Ina rubuta wannan ne don in faɗi gaskiya, saboda haka ba zan ɓoye ba: dariya na yi, na ce masa daɗi ne ya yi masa yawa.

Da muka dawo Daura ya shiga ɗaki. Mutumin da ke riga kowa zuwa kwata da asuba ya koma sai rana ta take yana kwance. Matarsa Hajara takan kai abinci ta dawo da shi kamar yadda ta kai. Sallah kaɗai ke tayar da shi, ya yi a ɗaki ya koma. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba inda ke yi masa ciwo da zai nuna da yatsa. In an tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Ya yi sati uku haka, ya ɗan warware ya fita, har ya yi wasa biyu ya yi kisa a dukansu, sannan abin ya dawo ya fi na da.

Gari ya yanke hukunci tun kafin a tambayi kowa: sammu ne, kuma Garba Na-Rima ne ya yi. Wa kuma zai yi? Gwaggo Abu ta tashi tsaye. Babu irin rubutun da bai sha ba, babu irin turaren da ba a turara masa ba. An kai shi wurin wani mai magani a wajen Dutsi, an kawo wani daga ƙetaren iyaka. Duk abin da aka ba shi yakan karɓa ya sha ba musu, don kada ya ɓata wa tsohuwa rai. Wasu dattawa suka zo suka yi masa nasiha a kan tawakkali, suka ce mumini ba ya zama da baƙin ciki alhali Allah ya ba shi lafiya da iyali da suna. Ya saurare su kansa a sunkuye. Da suka fita ya ce da ni, "Duk abin da suka lissafa na sani. Shi ya sa nake jin kunya." Ni ma a nawa ɓangaren ban daina tsokana ba. Na ɗauka in na ci gaba da ce masa rago zai fusata ya tashi.

Wata Asabar da rana, ina zaune a ƙofar gida ina duba takardun jarrabawar yara, sai ga shi ya zo a ƙafa. Ya rame har rigarsa tana lilo a kafaɗa. Yana riƙe da wani ƙunshi na buhu. Ya ajiye a gabana ya buɗe. Wuƙaƙensa ne na fawa, guda huɗu, har da babbar da ya gada daga mahaifinsa, da dutsen wasa su.

Ya ce, "Riƙe mini waɗannan."

Na ce, "Ka bar sana'ar ne? Ko makaranta za ka shiga?"

Ya dube ni. Tun muna yara ban taɓa ganin tsoro a idon Iro ba sai ranar. Ya ce, "Malam, ba wasa na zo yi ba. Ba na so su kwana ɗaki ɗaya da ni. Ka kai su inda ban sani ba, kuma ko na roƙe ka kada ka ba ni."

Wanda bai tashi a gidan mahauta ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mahauci ba ya ba da aron wuƙarsa ko ga ɗan'uwansa ciki ɗaya. Na ajiye alƙalamin da ke hannuna. Na naɗe buhun na shiga da shi ciki, na fito na zauna kusa da shi. Can ya ce, "A fage ina ganin mutum a gabana, na san ta inda zai ɓullo. Wannan ban san inda yake tsaye ba. Da shi nake kwana, da shi nake tashi, shekara da shekaru, tun kafin Garba."

Na sha juya wannan rana a raina. Mutumin da abin ya kai shi bakin rami, ya ga ramin, ya tattara sauran ƙarfin da ya rage masa ya tako unguwa biyu a ƙafa don ya nisanta kansa da abin da zai cutar da shi, ya kuma faɗi haka da bakinsa ga taubashin da ke yi masa dariya. Na ga ya tsaya gaban Garba da ido ɗaya. Wannan tafiyar ta fi waccan tsayuwar wuya, kuma babu mai kalangu ko ɗaya da ya raka shi.

Ran Litinin na nemi izini a makaranta na kai shi asibiti a Katsina, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ba mu gaya wa Gwaggo ba sai daga baya. A bakin ƙofa wani mai gadi ya gane shi, ya taso da murna yana tambaya wa ya kawo. Iro ya ce, "Kaina na kawo." Likitan da ya gan mu mutum ne mai haƙuri, ya fi awa ɗaya yana tambayarsa. Yaya barci, yaya abinci, me yake jin daɗinsa. Iro ya ce ko nama ba ya jin ɗanɗanonsa. Ƙarshe likitan ya ce wannan ciwo ne sananne, ciwon damuwa ake ce masa, yana kama mai ƙarfi da marar ƙarfi kamar yadda hawan jini ke yi, kuma yana da magani. Ya ce ba zai iya rantsewa cewa dukan kai na shekaru ne ya jawo ba, amma ba zai so a ƙara masa wani ba. Da muka fito Iro ya tsaya a inuwar wata bishiya ya ce, "Ashe yana da suna." Sau uku ya maimaita kafin mu kai tasha.

Maganin bai yi aiki nan take ba. Makonnin farko ya sa shi kasala da yawan barci, har Gwaggo ta ce mun ƙara masa ciwo. Hajara ce ta tsaya. Ita ke riƙe da ƙwayoyin, ita ke ba shi ɗaya ɗaya, ita ke zaunar da shi a tsakar gida ya sha rana ko ba ya so. Bayan wata biyu ya nemi tuwo da kansa. Bayan wata biyar, da likita ya yarda, Hajara ma ta yarda, na mayar masa da wuƙaƙensa ya koma rumfarsa a kasuwa.

Da kaka ta zagayo aka shirya dambe a bayan gari. Labari ya bazu cewa Bahago ya warke daga sammu, zai dawo. Mutane suka zo daga Baure, daga Dutsi, daga ƙauyukan ƙetaren iyaka. Wani matashi mai tashe ya shiga fage ya miƙa hannu yana nemansa, makaɗa suka juya kiɗa zuwa takensa. Na tambaye shi ko in kawo zare, ya girgiza kai. Ya tashi da doguwar rigarsa, hannu ba ɗauri, ya taka har tsakiyar fage, ya karɓi lasifika daga hannun mai sanarwa. Kiɗa ya tsaya.

Ya yi sallama, ya ce: "Kun ji an ce an yi mini sammu. Ba wanda ya yi mini komai. Garba Na-Rima bai yi mini komai ba, duk wanda ya zage shi saboda ni ya nemi gafararsa. Ciwo gare ni, a rai yake, ba a jiki ba. Na yi shekaru ina kashe mutane a fagen nan alhali ni ban da marmarin wayewar gari. Yanzu ina zuwa asibitin ƙwaƙwalwa duk wata, ina shan magani, ina samun sauƙi. Na bar dambe daga yau. Wanda ya san yana ɗauke da irin nawa, ya san inda rumfata take."

Ya mayar da lasifikar, ya je ya kama hannun matashin nan ya ɗaga sama, ya fita. Ba a yi tafi ba. Wani ya yi dariya daga baya, wasu suka taya shi. Ni ina tsaye da zare a aljihu.

Abin ya ci masa. Kafin sati ya zagayo maganar gari ita ce Iro ya taɓu, da bakinsa ya faɗa. Wa zai tsaya gaban mai taɓin hankali yana riƙe da wuƙa? Masu sayen namansa suka watse zuwa rumfunan maƙwabta. Gwaggo Abu ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ta ce ya tona wa zuri'a asiri. Shi kuwa kullum yana rumfa, ya rage yawan abin da yake yankawa, yana kore ƙuda da mafici, yana amsa gaisuwar wanda ya ga damar gaishe shi.

Sannan suka fara zuwa, ɗaya ɗaya. Za ka ga ƙato mai tabo a fuska ya tsaya ya sayi ɗan nama, an naɗe masa, amma bai tafi ba. Ya yi ta zancen farashin dabbobi har kasuwa ta sarara, sannan ya zauna a bencin da ke bayan rumfar. Iro ba ya wa'azi, ba ya ba da magani. Yakan saurara, ya tambayi mutum ko yana barci, ko yana cin abinci, ko akwai abin da ya kamata a ɗauke daga ɗakinsa. Wanda ya ga abin nasa ya yi nisa, ya rufe rumfa ya raka shi Katsina. Bai taɓa gaya mini sunan ko ɗaya ba, waɗanda na sani da idona na gan su.

Wata ranar kasuwa ina wurin sai ga Garba Na-Rima ya ratso layin mahauta. Mutane suka dare, wasu suka bar cinikinsu suka biyo shi, don kowa ya ɗauka ramuwa ta kawo shi. Ya zo gaban rumfar, ya cire takalmi, ya tsuguna.

Ya ce, "Bahago, saƙonka ya iske ni. Na gode da ka wanke ni." Sannan ya rage murya. "Abin da ka faɗa, ni ma shi ne. Tun kafin mu haɗu a Kano. Ban taɓa gaya wa ko matata ba."

Iro ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya zagayo ya tsuguna kusa da shi. Ya ce, "Ka ci abinci?" Garba ya ce a'a. Ya ce, "To mu fara da wannan."

A gidan Iro Garba ya kwana. Da safe mutanen unguwa suka ga abin da har yau ake ba da labari: ƙattan nan biyu a kan babur ɗaya, babur ɗin da aka ba Iro ranar da ya kashe Garba, taya ta lotsa, suna tafiya a hankali zuwa tashar motar Katsina.

Ba zan ce ya warke ba. Shekara bakwai ya ƙara a duniya, kuma a cikinsu ciwon ya dawo masa sau biyu da ƙarfi. Duk lokacin da ya ji alamarsa yakan gaya wa Hajara, ita kuma ta aiko a kira ni. Tsakanin waɗannan lokuta ya yi dariya, ya aurar da ƙannensa, ya ga 'ya'yansa sun shiga makaranta, masu sayen nama suka dawo har suka fi na da. Ciwon hanta ne ajalinsa, kwana tara ya yi a kwance. Na faɗi wannan ne don har yanzu akwai masu jawo ni gefe su tambaye ni da ƙaramar murya yadda ya rasu. A kan shimfiɗarsa ya cika, da kalmar shahada, mahaifiyarsa na riƙe da hannunsa. A jana'izarsa na ga mutane masu karyayyen hanci da kumburarrun yatsu waɗanda ban taɓa gani ba, sun tsaya a sahun baya, ba su yi wa kowa bayanin abin da ya haɗa su da shi ba.

Yau dambe ya zama wani abu dabam. An kewaye fage da igiya, an kafa na'urorin ɗaukar hoto, ana ba da mota, ana kallo a ƙasashen da ba su san inda Daura take ba. Na tabbata da Iro zai yi murna da wannan, don ya sha cewa 'yan dambe suna ba da jininsu a araha. Amma ɗalibaina sukan nuna mini yadda ake yanko faɗuwar mutum a yi ta maimaita ta a waya, dubban mutane suna rubuta masa baƙar magana. A zamaninsu in an kashe ka, waɗanda ke wurin ne suka gani, gobe ka tafi wani gari. Yanzu faɗuwar tana riga ka isa gida. Nakan ga an tanadi mai ɗinke rauni a gefen fage, abin a yaba. Ina jin da Iro yana nan zai tambaya wa ke leƙa yaran nan washegari da safe, wanda ya faɗi da wanda aka ɗaga sama. Shi ya san ba wanda ya faɗi kaɗai ake jiye wa ba.

Nakan tambayi kaina me ya rage nasa. Babu hoton wasansa ko ɗaya mai motsi. Takensa makaɗa sun ba wani. Waɗanda suka ga tsayuwar nan tasa muna ta raguwa, kuma in muka ba da labari yara sukan ɗauka ƙari muke yi.

Watan jiya da hantsi aka yi sallama a gidana. Wata mata ce daga wani ƙauye a wajen Baure, da goyo a bayanta, Hajara ce ta rako ta. Ba ta taɓa ganin Iro ba, tana ƙarama ya rasu. Ta ce mijinta ɗan dambe ne, ya ciyo babur a bana, kuma yau kwana ashirin bai fito daga ɗaki ba. Danginsa sun ce jifa ne. Wani tsohon ɗan dambe a garinsu ya kira ta gefe ya ce ta zo Daura ta nemi gidan Bahago, mutanen gidan sun san hanya.

Na tambaye ta ko yana cin abinci. Ta ce a'a. Na tambaye ta ko akwai abin da ya kamata a ɗauke daga ɗakinsa. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce ta riga ta ɗauke.

Na shiga na ɗauko hulata. Allah ya jiƙan Iro, ya sa ya huta. Hajara ta riga mu fita neman motar da za mu je mu ɗauko mijin matar zuwa asibitin Katsina.